Kuɗin Larabar da Na Mayar a Kuala Lumpur

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in ba da labarin wani abu da ya same ni a ƙasar Malesiya, ko Allah zai sa wani ya amfana. A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce da ba ta daɗe da kammala digirin farko a fannin haɗa magunguna ba, na kuma samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Kuala Lumpur. Cutar shan inna ta taɓa mini ƙafafu tun ina ƙarama, saboda haka da sanduna biyu nake tafiya, idan tafiyar ta yi nisa kuma sai in hau keken guragu. Ni mutum ce mai tsananin kiyaye ƙa'ida, har abokan karatuna sukan yi mini tsiya wai ko takardar da ke jikin robar ruwa sai na karanta ta sau biyu kafin in sha. A fanninmu wannan hali abin yabo ne, domin ɗigo guda da aka ajiye ba a muhallinsa ba yana iya halaka majiyyaci. Ban taɓa tunanin cewa a wajen ɗakin gwaji halin nan zai iya zame mini cuta ba.

Wata gidauniya ta gida ce ta ɗauki nauyin karatuna. Ban da kuɗin makaranta, tana ba ɗalibai masu buƙata ta musamman wani tallafi na daban a kowane wata. Da wannan tallafi na kama ɗaki a unguwar Wangsa Maju, a wani dogon bene mai na'urar hawa da sauka, kusa da tashar jirgin ƙasa. Da shi nake biyan motar haya a ranakun ruwan sama, lokacin da sanduna suke zamewa a kan daɓe, da shi kuma nake sallamar wata mata da take zuwa ta yi mini cefane da wanki. In babu shi, sai dai in koma gidajen ɗalibai masu araha waɗanda matakala kawai gare su, kuma a wurina hakan daidai yake da in tattara kayana in koma gida ba tare da digiri ba. Kafin mu taso, wani jami'in gidauniyar ya tara mu da iyayenmu a Kano, ya yi mana bayanin sharuɗɗa da Hausa domin kowa ya fahimta. A cikin jawabinsa ya ɗaga yatsa ya ce duk wanda ya kama aikin da ake ba shi lada, to tallafinsa ya yanke, kuma ana iya neman ya dawo da abin da ya riga ya karɓa. Mahaifiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce in dai buɗe kunne da kyau. Na riƙe wannan jimla kalma bayan kalma, kamar yadda nake riƙe ma'aunin magani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa tun yanzu, domin shi ne tushen matsalar. Ban taɓa gaya wa 'yan Najeriya da ke can cewa ina karɓar tallafin nakasassu ba. Na bar su a kan cewa ƙoƙarina ne kaɗai ya kawo ni. Tun ina yarinya, idan aka ajiye ni a keke a ƙofar asibiti ina jiran mahaifiyata, sai wani mai wucewa ya jefa mini tsaba a cinya ya yi gaba, ba tare da ya kalli fuskata ba. Na girma da ƙin wannan kallo, na kuma ƙudura a raina cewa a ƙasar waje ba wanda zai san ana ba ni wani abu saboda ƙafafuna.

A cikin mutanenmu da ke birnin, wadda na fi shaƙuwa da ita ita ce matar wani malamin jami'a da ya zo ƙaro karatu, suna zaune da 'ya'yansu a unguwar Cheras. Ta girme ni nesa ba kusa ba, saboda haka Anti nake ce mata, ita kuma tana kira na 'yar gidana. Mace ce mai barkwanci da sakin hannu. Kafin annoba takan sa maigidanta ya zo ya ɗauke ni a ƙarshen mako in ci tuwo, tana yi mini tsiya wai na zo ƙasar shinkafa da kwakwa zan rame in koma kamar sandunana, kuma ita ba za ta iya amsa tambayar mahaifiyata ba idan aka mayar da ni gida a ambulan ɗin wasiƙa. Ba wanda yake yi mini irin wannan wasa sai ita, domin sauran mutane tsoron taɓa zancen ƙafata suke yi. Babban abin da yake damunta shi ne harshen 'ya'yanta. Idan ta yi musu Hausa sai su amsa da Turanci ko da harshen Malay, takan ce ranar da za ta kai su gaban kakarsu sai ta nemi tafinta.

Da cutar korona ta shigo aka kafa dokar kulle, komai nawa ya tsaya cak. Wata ɗaliba da muke zaune tare, 'yar wata ƙasa ce, ta samu jirgi ta tafi gida. Matar da take taya ni aiki ba ta da damar fitowa. An rufe ɗakin gwaji, binciken da nake yi kuwa ba a yinsa a kan gado. Abinci sai dai in yi oda, mai babur ya ajiye a wurin mai gadi, in sa takunkumi in sauka, in rataya ledar a wuya domin hannayena biyu suna kan sanduna. Daga tagata ina hango jirgin ƙasa yana wucewa fayau, ba kowa a ciki. Sai in wuni ban furta kalma ba in ban da a cikin salla, har wata rana da mahaifiyata ta kira ni na ji muryata ta dushe kamar ta mai mura, ita kuwa ta tsorata ta ce ko cutar ce ta kama ni. Na rantse mata lafiyata ƙalau, amma ban gaya mata cewa rashin magana ne ya dusar da muryar ba.

Ana cikin haka Anti ta kira ni. Ta ce yaran nan sun kusa haukata ta, an rufe makarantu, sun mayar mata da falo filin ƙwallo, kuma tun da ni ma zaman banza nake yi, me zai hana in riƙa koya musu karatun Hausa da gajerun surori ta waya, muna ganin juna. Na amsa da sauri har ta yi dariya ta ce ashe jira nake yi. Ba a jima ba wasu matan suka ji labari suka sa nasu 'ya'yan, ajin ya zama na kullum bayan la'asar. Autar Anti, wata 'yar ƙaramar yarinya mai wushirya, ita ce ta fi kowa surutu. Idan tana son tashi ta sha ruwa sai ta ɗaga hannu ta ce boleh, wato ko an yarda, in ce mata sai ta roƙa da Hausa. Ba ta iya bambanta ƙafa da kafa ba, muka yi ta fama, tana dannan maƙogwaronta da yatsa wai tana neman inda harafin ya ɓuya. Ranar da ta hango sandunana a jingine a bango, ta tambaye ni ko na dukan ɗalibai ne, kuma me ya sa nake buƙatar har guda biyu. Na ji uwar daga kicin tana salati tana cewa za ta zo ta ja mata kunne. Ni kuwa na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin kulle. Daga nan na koma ɗaura ɗankwali mai kyau, ina share ɗaki, ina shirya darasi tun da hantsi. Wannan aji shi ne ya riƙe mini yini, shi ne kuma kaɗai wurin da ake jirana a duk faɗin birnin.

Wata Laraba, ana buɗe aji, sai yaran suka haɗa baki suna ihu wai sun kawo kuɗin laraba. Ashe Anti ce ta shirya da sauran iyayen cewa ya kamata yaran su san al'adar gida, ta ɗan abin da ɗalibi yake kai wa malamin allo ranar Laraba. Suka haɗa abin da ya sawwaƙa, ta tura mini ta banki. Bayan an tashi ta aiko mini da saƙon murya tana dariya. Ta ce kada in ɗauka biya ne, domin ba mai iya biyan malami. Ta ce aikin lada nake yi, babban ladan yana wurin Allah, wannan kuwa ɗan ladan duniya ne in sayi kati in kira Inna, wato mahaifiyata, kuma in sha Allah duk Laraba zan ga saƙo. Na saurari saƙon, na sake saurara. Aiki da lada, kalmomi biyun da jami'in nan ya haɗa a Kano yana ɗaga yatsa, su ne Anti ta haɗa a cikin jimla guda.

Edita, na san lada iri biyu ne, akwai na Ubangiji akwai na ɗan kamasho, ban kuma jahilci bambancinsu ba. Amma na zauna na auna lamarin kamar yadda aka koya mini auna abu. Akwai lokaci tsayayye, akwai ɗalibai, akwai abin da yake shigowa duk mako, kuma ta banki ya shigo, inda ba ya gogewa. Na ɗauko yarjejeniyar da na sa wa hannu, na tarar sharaɗin a taƙaice yake, bai fayyace wane irin aiki ba. Na shiga intanet ina karanta labaran mutanen wasu ƙasashe da aka yanke wa tallafi saboda ɗan aikin da bai taka kara ya karya ba, har da waɗanda aka ce ko abinci aka ba su a madadin kuɗi ana lissafa shi. Dokokin wasu ƙasashe ne da ba su shafe ni ba, amma tsoro bai bar ni na lura da hakan ba. Na rubuta wa gidauniyar tambaya, na gyara ta, na sake gyarawa, sannan na goge. Gani nake yi tambayar kanta amsa laifi ce, ga shi kuma ana raɗe-raɗin cewa annoba ta taɓa aljihun masu ba da gudummawa, ana neman dalilin rage mutane. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga kaina a gindin matakalar wani bene da akwatina.

Washegari na mayar wa Anti kuɗin, tare da saƙon da na tsara da kyau, na godiya da ban haƙuri, na ce ba zan iya karɓa ba saboda wani dalili. Nan take ta kira ni tana dariya, ta ce ashe Malama ta fi ƙarfin kuɗin laraba, to a yi musu afuwa, talakawa ne, mako mai zuwa za su ƙara. Na ce wallahi ba ƙanƙantarsa ba ce. Ta ce to mene ne, ko wata ce ta faɗa mini magana. Na ce ba kowa, tsarina ne kawai. A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce Anti, tallafi nake karɓa, kuma ina tsoron a yanke shi. Maganar ta zo mini har leɓe, amma na tuna tsabar da ake jefa mini a cinya, sai na haɗiye ta. Anti ta ce to shi ke nan, Allah ya ba da haƙuri, za ta mayar wa kowa nasa. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba, wato ita ce za ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana mayar musu da kyautarsu, tana amsa tambayar da ita kanta ba ta san amsarta ba.

Duk da haka ba ta yi fushi ba tukuna. Larabar da ta biyo baya mai gadi ya kira ni ya ce an kawo mini saƙo. Na sauka na tarar da kwanuka a ɗaure cikin leda, tuwon shinkafa ne da miyar kuka, ƙanshin man shanu yana fitowa ta cikin takunkumin da ke hancina. Rabona da abincin gida tun kafin kulle. Na tsaya a wurin a kan sanduna, yawuna yana tsinkewa, amma abin da yake yawo a kaina shi ne yau Laraba ce, kuma abincin da aka bayar a madadin kuɗi shi ma lada ne. Na miƙa wa mai gadin na ce ya ci, ya yi ta godiya, na hau sama na dafa taliyar leda. Da yamma Anti ta kira ta ce yaya gishiri, domin hannunta ya ɗan zarce. Ni da ban iya ƙarya ba, sai na ce mata ban ci ba, na ba mai gadi, kuma ina roƙon kada a sake aiko mini da komai ranar Laraba. Har yau ina mamakin kaina. Na faɗi gaskiyar da take yanka, wadda ba wanda ya tilasta mini faɗinta, na kuma ɓoye wadda za ta warkar. Anti ta ce to Malama, ta gode. Tun daga ranar ba ta sake ce mini 'yar gidana ba.

Magana ba ta daɗe ba ta zaga cikin matan. Daga baya na ji abin da aka riƙa faɗa, wai ina taƙama da boko, wai ƙyamar abincin mutane nake yi saboda cuta, wai na raina su don su matan gida ne. Yara suka fara raguwa, yau wannan yana da ciwon kai, gobe waccan wayar babanta ta lalace. 'Ya'yan Anti ne suka rage, su ma na lura uwar ta daina leƙowa ta gaishe ni. Da azumi ya gabato ta aiko da saƙo a rubuce, cikin ladabi, cewa yaran za su huta sai bayan salla. Na amsa da cewa Allah ya kai mu. Wani ɓangare na zuciyata har sauƙi ya ji, domin yanzu ba abin da za a kama ni da shi. Tallafina ya tsira, ya kuma ci gaba da shigowa a kan lokaci.

Azumin wannan shekara shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ina cikin zauren matan na waya, ina ganin yadda suke tsara aika wa juna abin buɗa baki ta hannun masu babur, wannan ta yi ƙosai, waccan ta dama kunun gyaɗa, ana ta tsiya da godiya. Ba a sa sunana ba, ban kuma ga laifinsu ba, domin ba mai aika abinci inda ya san mai gadi ne zai ci. Bayan la'asar, lokacin da a da nake ɗaura ɗankwali, sai in zauna a bakin taga ina kallon jirgi. Ranar salla na sa sabuwar atamfar da na zo da ita daga gida, na yi salla ni kaɗai a tsakar ɗaki, na ɗauki hoto na aika wa mahaifiyata don ta ga ina cikin walwala, sannan na cire na ninke. Da rana saƙon murya ya shigo daga wayar Anti. Autar ce, da alama a ɓoye ta ɗauki wayar, tana raɗa. Ta yi mini barka da salla, ta ce in saurara, sannan ta furta ƙafa daidai, har sau uku, ta fashe da dariya, saƙon ya yanke. Na mayar da amsa ina yaba mata, na ga an buɗe, amma ba a sake cewa komai ba. Bayan salla ajin bai dawo ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Haka watanni suka shuɗe, a sassauta doka a sake tsanantawa. Na rame, bincikena ya tsaya, na koma ba na ɗaga labule. Wata safiya sandata ta zame a banɗaki na faɗi, ƙugu ya bugu, na kasa tashi. Wayata tana jikina domin ban taɓa shiga banɗaki ba tare da ita ba, amma da na bi sunayen da ke ciki, sai na ga duk birnin nan ba wanda zan iya kira ba tare da na fara da ban haƙuri ba. Na ja jiki a hankali har na kai bakin gado. A ranar na ce wa kaina ko za a yanke tallafin, gara in san matsayina da in ci gaba da wannan zama.

Na kira ofishin gidauniyar, wata jami'a da ban sani ba ta ɗauka. Na zayyana mata komai daki-daki kamar mai ba da rahoton gwaji, tun daga ajin har kuɗin da tuwon. Da na kai kan tuwon sai na ji ta yi dariya, ta kuma yi sauri ta nemi gafara. Ta ce ƙanwata, sharaɗin nan yana magana ne a kan aikin albashi, wanda aka ɗauki mutum da yarjejeniya. Ko shi ma ba a yanke tallafi rana ɗaya, ana ba mutum lokaci ya zauna da gindinsa, sannan a riƙa ragewa gwargwadon abin da yake samu, kason muhalli da na sufuri kuwa ba a taɓa shi, domin albashi ba ya miƙar da ƙafa. Ta ce kuɗin laraba da kwanon tuwo ba su shafe su ba ko kaɗan, hasali ma irin abin da suke so su ji ɗalibansu suna yi ke nan. Ta ƙara da cewa ba ni ce ta farko ba, akwai waɗanda suka ƙi karɓar aiki na gaske saboda wannan tsoro, kuma laifin jami'an gidauniyar ne da suke dunƙule doka mai rassa a cikin jimla guda don su tsoratar. Na yi mata godiya, na ajiye waya. Duk bayanin bai kai tsawon lokacin da nake ɗauka ina sauka wurin mai gadi ba.

Na nemi Anti a ranar, lambarta ba ta shiga. Da na tambayi wata daga cikin matan, ta ce ai maigidan ya kammala, sun samu jirgi sun koma gida tun kwanakin baya, ta yi mamakin ban sani ba. Da ƙyar na samu lambarta ta Najeriya. Na kira, na gaya mata duk abin da na ɓoye, har da tallafin da tsabar ƙofar asibiti. Ta saurare ni ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ita kuɗin bai dame ta ba, abin da ya tsaya mata a rai shi ne man shanun. Ɗan ragowar da ta zo da shi daga gida ne, tana ɓoyonsa don salla, ta juye shi duka a miyar nan saboda ta ga na rame a waya, kuma ranar da na ce mai gadi na ba, a kicin ta zauna ta yi kuka. Ta ce da na ce mata takarda ce ta hana ni, da ta hana kowa aiko da komai, ta kuma rufa mini asiri, domin ita ba ta ga abin kunya a cikin haƙƙin da aka ba mutum ba. Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Sannan ta ƙwala wa autar kira ta ba ta wayar. Yarinyar ta gaishe ni da Hausa tsantsa, tiryan-tiryan, irin ta wanda ya zauna a ɗakin kaka, amma gaisuwar da ake yi wa baƙo ce. Na ji tana tambayar uwar wace ce. Uwar ta ce Malamarki ce ta Malesiya. Sai yarinyar ta ce ta tuna sandunan.

Yanzu na dawo gida, ina aiki a sashen magunguna na wani asibiti, muna kuma gaisawa da Anti lokaci zuwa lokaci, cikin mutunci, ko da yake wasan nan na da bai dawo ba. Na yi ta juya wannan al'amari, abin da na fahimta shi ne kiyaye ƙa'ida ba tare da fahimtarta ba yana iya zama zalunci, ga kai da kuma ga masoya. Na ɗauka tsantseni nake yi, alhali tsoro ne da girman kai suka haɗu suka sa rigar tsantseni. Ban ci haƙƙin gidauniya ba, amma na ci haƙƙin matar da ta ɗauke ni 'ya, na kuma hana kaina abin da ba wanda ya hana ni.

Ina kira ga 'yan uwana masu buƙata ta musamman da suke karɓar tallafi daga gwamnati ko wata ƙungiya. Idan dama ta zo muku ta yin aiki, babba ko ƙarami, kada ku yanke hukunci da jimlar da kuka ji a bakin wani a wurin taro, kada kuma ku auna kanku da dokar wata ƙasa. Kowace hukuma da nata tsarin, abin da aka gaya mini ba lallai ya zama naku ba, saboda haka ku je ku tambayi masu abin, ku nemi a fayyace muku wane aiki ake nufi, me za a rage, me zai saura. Kada ku ɓoye aikin da kuke yi, kada kuma ku guje wa aiki don tsoron abin da ba ku tabbatar ba. Su ma masu ba da tallafin ina roƙon su daina tsoratarwa, su yi bayani filla-filla, domin akwai irina da za su riƙe kalmarsu su cutar da kansu da ita. A ƙarshe, duk wanda wani dalili ya tilasta masa mayar da kyautar masoyi, to ya faɗi dalilin kafin ya mayar, komai nauyinsa a baki. Ni na tsare ɗakina mai na'urar hawa har na gama karatu, amma na zauna a cikinsa ni kaɗai, kuma har yau idan na ji ƙanshin man shanu a miyar kuka sai abincin ya fita daga raina.

Wassalam, daga wata mai karatunku.